Ɗaki Guda Mai Rufi Ya Fi Fandishon Ɗaki Goma

Da la'asar sakaliya, in rana ta karya, majalisun samari kan cika a Dingyaɗi, haka ma a Boɗinga da Shagari da sauran garuruwan ƙasar Sakkwato. Benci biyu, tabarma ɗaya, mai shayi na fifita gawayi. Ka zauna ka kasa kunne, hirar ba ta wuce buri. Wannan shago yake so a bakin titi, maƙare da kaya har rufi. Wancan babur sabo fil a leda. Na uku aure, na huɗu gida mai ɗaki shida da falo, na biyar ya ƙudura sai ya kai mahaifiyarsa Makka. Duk buri ne na kirki, ba na kushewa. Sai dai kowa da magana ɗaya yake rufewa: “in kuɗɗi sunka zo.” In wani dattijo ya tsoma baki ya ce, “To ɗana, cikin abin da kas samu jiya wurin lodi, nawa ka aje?” sai majalisa ta ɗauki dariya: “Haba Baba, mi dubu guda ka yi ma mutum yanzu?” Ana cikin haka wata yarinya za ta gifta da kuɗi ƙulle a bakin gyale, tana bi gida-gida karɓar zubin adashin matan unguwa, ɗari biyu-biyu, ɗari biyar-biyar. Ba mai ɗaga kai ya dube ta, alhali da waɗannan ɗaruruwan ake sayen katifa da kwanukan aurar da 'ya'ya, da su ake sayen tunkiyar kiwo.

Ra'ayina a kan wannan al'amari guda ne. Buri, komai kyansa, bai zama aiki ba sai an yanka shi daidai abin da mutum zai iya gamawa kafin kasuwa ta sake ci. Kuma yankan yana da ƙa'ida, don akwai yankan da ke kai mutum gida, akwai wanda ke barin sa da kango.

1. Jiran dunƙule

Masu jiran kuɗi su zo a dunƙule yawancinsu ba ragwaye ba ne. Suna noma, suna lodi, suna acaba, suna tafiya ci-rani Legas da Fatakwal su dawo da abin da ya sawwaƙa. Kuɗi na bi ta hannunsu, sai dai kanana ne, kuma ƙaramin kuɗin da ba a raɗa wa suna ba, ba ya kwana. Dubu gudar da ba a ce ta siminti ce ko ta kuɗin jarrabawa ba, kafin isha'i ta zama kati da shayi da gudummawar biki. Mutum ya shekara goma a haka, in aka haɗa abin da ya ratsa aljihunsa ya isa shagon da yake mafarki, amma bai taɓa ganin sa a wuri ɗaya ba, don haka ya yi imani bai taɓa samu ba.

Akwai kunya a ciki, kuma ita ce ta fi ɓarna. Mai takardar difloma yana ganin ƙasƙanci ne a gan shi da tebur da kwalin sabulu uku, gara ya zauna har ranar da zai buɗe shago da walima. Akwai kuma abin da ido ke gani lokacin siyasa: jiya mutum yana tafiya a ƙasa, yau an ba shi babur, wani an ba shi kujerar Makka. Mutum ɗaya ya samu, ɗari sun koyi jira. Hausawa sun gama magana da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma mun bar karin maganar a baki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wanda ya raina dubu guda shi ya fi saurin miƙa ta ga mai alkawarin mayar da ita dubu ɗari. Da MMM, mai irin wannan alkawari, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 an ce an ɗauki darasi. A Afrilun 2025 CBEX ma ta kwashe dukiyar jama'a ta hanya kusan iri ɗaya. Tsakanin waɗannan biyun kuwa cacar ƙwallo ta yaɗu cikin waya, tana cin ɗari biyar-biyar ɗin da aka ce ba su isa komai ba. Mai gidan caca bai taɓa raina ɗari biyar ba.

Wani zai ce arziki na Allah ne, lissafi ba ya kawo shi. Gaskiya ne arziki na Allah ne. Amma manomin da ya fi kowa tawakkali ba ya ƙin yin shuka, kuma rami-rami yake yin ta, ƙwaya 'yan kaɗan a kowane rami.

2. Abin da allo ya riga ya koya mana

Ba sai mun je nesa neman dabara ba. Babban burin da yaro zai iya ɗauka a ƙasar nan shi ne saukar Alƙur'ani, kuma an daɗe da warware yadda ake kaiwa gare shi. Ba a taɓa miƙa wa ɗan shekara shida izu sittin a ce je ka ka dawo da sauka ba. Babbaƙu yake farawa da su, sannan farfaru, sannan ya fara haɗa kalma. Malam ya rubuta masa layi biyu a allo, ya biya masa, yaron ya koma gefe yana maimaitawa har bakinsa ya faɗa. Gobe ya zo ya durƙusa ya biya. In ya kawo daidai, a ce je ka wanke, a yi masa ƙari. In ya yi tuntuɓe, allon na nan yadda yake, ko da zai kwana uku a kansa. Izu sittin, kowane izu sumuni takwas, sumuni 480 ke nan. Wanda ke ɗaukar rabin sumuni a rana, yana hutun Alhamis da Juma'a, lissafi ya nuna shekara huɗu ta ishe shi. Ba ranar da aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba ranar da bai san inda ya tsaya ba.

Abu uku nake so a lura da su a nan, don su ne yawancinmu ke bari idan mun girma. Ƙarin yau yana da iyaka, daga nan zuwa nan, ba “zan dage da karatu” ba. Yana da lokaci, gobe da safe. Sannan yana da wanda ake biya wa. Wannan na ukun shi ne ƙashin bayan abin. Alkawarin da mutum ya yi wa kansa shi kaɗai cikin dare, da safe yakan yafe wa kansa. Shi ya sa adashi ke tara abin da asusu ya kasa tarawa: asusun ƙasa mai shi na iya fasa shi ranar da ya ji ƙamshin tsire, amma uwar adashi za ta aiko yarinya, kuma mata goma sun san ranar zubi. Har 'yar sadakar da iyaye kan yi idan yaro ya cika izu tana da aiki, don tana gaya masa cewa abin da ya gama abu ne, tun kafin ranar sauka.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan a Amurka. A 1981 Albert Bandura da Dale Schunk suka ɗauki yaran da lissafi ya gagara, suka ba su aikin ɗebewa shafi 42. Wasu aka ce musu su yi niyyar gama shafi shida a kowane zama, wasu aka ce su gama duka kafin ƙarshen zama na bakwai. Aiki ɗaya, lokaci ɗaya. Masu shafi shida-shida suka fi ci gaba, suka fi ƙwarewa, kuma suka fi son lissafin daga baya. Dalilin a fili yake: wanda ke ganin ƙarshen aikin yau yana samun shaida kullum cewa zai iya, wanda kuwa ke hangen ƙarshe mai nisa kullum gazawarsa yake gani.

3. To, kangon da ya cika gari fa?

Ga ƙorafi mai nauyi, kuma ba na son a share shi. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal, ya ga gine-ginen da suka tsaya. Wani a fandisho, wani ya kai linta, rodi ya yi tsatsa, tumfafiya ta fito a tsakiyar falo, awaki sun mayar da shi wurin shan inuwa. Masu su duk “a hankali a hankali” suka ce za su yi. Ashe sannu-sannu ma tana hana zuwa?

Ku dubi kangon da kyau. Kusan duk lokacin za ku tarar mai shi ya zana gida mai ɗaki shida ko takwas, ya zuba fandishon duka a tashi ɗaya, ya tayar da bangon duka tare, kuɗi suka ƙare kafin a kai ga kwano. Ya kashe abin da zai gama ɗaki biyu tsaf, amma ba shi da inda zai shimfiɗa tabarma. Yana ci gaba da biyan haya, damina na cin bulon da ya jera, farashin kwano na gudu yana bin sa a baya. Ya raba aikin, amma a kwance ya raba shi, ta yadda ba matakin da ke da amfani sai an kai na ƙarshe. Magabatanmu a tsaye suke rabawa. Da rani a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a kewaye fili, a tayar da ɗaki guda a rufe shi a shiga. Baɗi a ƙara zaure. In ɗa ya isa aure a tayar masa da nasa a gefe. Gidan gargajiya kullum ana ƙara shi, kuma kullum ana kwana a cikinsa. In mai gida ya rasu a tsakiyar tafiya, iyalinsa gida suka gada.

Wannan ita ce ƙa'idar da nake nufi: kowane mataki ya zama abin da zai tsaya da ƙafarsa ko da na gaba ya yi jinkiri, kuma in da hali ya ciyar da na gaba. Wanda ya rufe ɗaki guda ya shiga, kuɗin hayar da ya daina biya su ne simintin ɗaki na biyu. Mai son shago da ya fara da tebur, teburin na koya masa abin da unguwa ke saye da wanda ba ta saye, da wa ake ba bashi da wa ba a ba, ilimin da mai buɗe shago da dunƙulallen jari yakan saya da asara. Yarinyar da aka cire daga makaranta, burinta ta zama ma'aikaciyar jinya, matakinta na farko shi ne Turanci da lissafi na jarrabawar NECO ko WAEC, kuma takardar nan tana da amfani ko da makarantar jinya ta jira shekara uku. Taura biyu ba ta taunuwa, amma wadda aka tauna ta shiga ciki.

Mutanen wannan yanki suna da misali a ƙofar gida. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a Shagari a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya fito malamin makaranta, har ya yi hedimasta a Argungu. A 1954 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai, a 1958 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga nan minista. Da sojoji suka kifar da gwamnati a 1966 ya dawo gida ya shiga aikin asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, ana gina makarantu. Sai a 1979 ya zama shugaban ƙasa, shekara 25 bayan shigarsa majalisa, kuma sanannen abu ne cewa kujerar sanata ya so tun farko. Ana iya saɓani kan mulkinsa, wannan wata magana ce. Abin lura shi ne, da tafiyar ta tsaya a Argungu, da an ce ga cikakken malami. Kowane zangonsa gamammen abu ne. Kuma a Sifawa, nan cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Muna yawan tuna jihadin 1804, muna manta kusan shekara talatin da ya yi kafin nan yana karantarwa a Ɗegel, yana bin garuruwan Gobir da Kabi da Zamfara majalisi bayan majalisi. Ɗaliban da suka riƙe daula daga baya, a waɗannan shekarun aka yi su.

4. Naira tana narkewa a hannu

Ƙorafi na biyu ya fi na farko zafi, don kowa ya ɗanɗana shi. Kujerar Hajji a 2023 ta kusa naira miliyan 3. A 2025 ta haura miliyan 8. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira a Yuni, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen wannan shekarar. Tsohuwar da ta yi shekara bakwai tana tarawa, ta kusa kaiwa, sai ta wayi gari abin da ta tara bai kai rabi ba. Wanda ya ce mata da yayyafi kogi kan cika, tana da haƙƙin ta tambaye shi: in ƙasan kogin yashi ne fa?

Ban yarda amsar ita ce a daina tarawa ba, don wadda ta tara miliyan biyu har yanzu ta fi wadda ba ta tara komai ba kusa da jirgi. Amsar ita ce a daina auna mataki da naira, a auna shi da kaya. Mai son gini kada ya ce zai tara dubu kaza a wata. Ya ce buhun siminti guda a wata, kuma kada ya ajiye shi, don siminti na daskarewa. Ya kai wa mai buga bulo. Buhu guda na fitar da bulo talatin zuwa arba'in gwargwadon girmansu, wato a shekara ya tara wajen ɗari huɗu, abin da ya kusa tayar da ɗaki. Bulon da aka buga bara, tashin farashin bana bai shafe shi ba, kuma ba mai zuwa ya ce a ranta masa bulo hamsin zai je biki. Matan karkara sun riga mu gane wannan. In suka kwashi adashi, ba sa barin sa ya kwana, akuya suke saye. Jar akuyar Sakkwato, wadda maƙwabtanmu ke kira ta Maraɗi, cikinta wata biyar ne, tagwaye kuwa ba baƙon abu ba ne gare ta, kuma farashinta na tashi tare da na kasuwa. Ba na ɓoye cewa kiwo na da nasa haɗari: annoba, tsadar harawa da dusa in rani ya yi nisa, ga ɓarayin dabbobi da suka addabi sassan jihar. Saboda haka ba a zuba komai wuri guda. Wani abu a dabba, wani a buhun gero ko wake da aka saya da kaka, wani a banki.

Bankin ma yana da gurbinsa. A 2020 Hukumar Alhazai ta Ƙasa da Bankin Jaiz suka buɗe asusun adashin gata na Hajji, inda mutum ke zuba abin da ya samu a hankali. Malesiya ta fara irin wannan tun 1963 da Tabung Haji, inda ake juya kuɗin masu ajiya ta hanyar halal ana ba su riba, har manomi da masunci suka riƙa sauke farali ba tare da sayar da gona ba. Wannan batu na gona ya kamata ya tsaya mana a rai. Sau nawa mutum ya sayar da gonar gado don ya yi a tashi ɗaya abin da zai iya yi cikin shekara takwas, ya dawo Alhaji, 'ya'yansa suka koma ƙwadago a gonar wani?

5. Abin da ba ya yankuwa

Akwai masu cewa irin wannan magana wa'azin haƙuri ne ga talaka, a rufe bakinsa kan abin da hukuma ta gaza. Na fahimci fushin. Ba adashin da zai kawo wutar lantarki, ba tebur ɗin da zai kori ɗan bindiga daga daji, kuma wanda abin da ya samu yau bai kai cikin 'ya'yansa ba, zalunci ne a tambaye shi nawa ya ajiye. Maganata da wanda ke da ɗan rara ne, komai ƙanƙantarsa, kuma su ne mafi yawan masu zaman majalisa. Sannan mai buhun hatsi a ɗaka da akuya a turke shi ya fi iya kallon ɗan siyasa ido cikin ido ranar zaɓe. Wanda ba shi da komai ne ake saye da taliya.

Gaskiya ne kuma wasu abubuwan ba sa jira a bi su sannu. Rijiyar da aka haƙa rabi ba ta ba da rabin ruwa. Mace mai naƙuda da aka ce sai tiyata, kuɗin yau ake so. Gero in ya nemi taki a Yuli, ba ya sauraron uzuri. Amma ko waɗannan, aikin ne ba ya rabuwa, shirinsa na rabuwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ciki wata tara ne, wato zubi tara. Taki kuwa, a yammacin Kenya masana tattalin arziki Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun tarar manoma da yawa na da niyyar sa shi, sai dai kafin shuka kuɗin girbi sun watse. Da aka zo musu gida daidai lokacin girbi aka ce su biya yanzu a kawo musu takin daga baya, masu amfani da taki suka ƙaru sosai, ba tare da an karya farashin takin ba. Lokacin biya kawai aka matso da shi kusa da lokacin samu.

Daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma kuɗin manomin Dingyaɗi a Oktoba da Nuwamba suke hannunsa, daidai lokacin da bukukuwa ke buɗe baki. Ƙungiyoyin manoma a Boɗinga da Shagari za su iya karɓar kuɗin taki, ko ma hatsi a madadinsa, tun daga masussuka, su sayi takin da rani kafin ya yi tsada, su ajiye a sito mai makulli biyu, a rubuta sunan kowa da adadin buhunsa a gaban mai unguwa da liman. Sashen gona na ƙaramar hukuma na iya ba da sito da mai gadi, dillalan taki kuma ba za su ƙi cinikin da aka biya wata shida kafin lokaci ba. Mutum goma da suka yarda da juna sun isa su fara a kaka mai zuwa, da buhu ɗaya-ɗaya.